Zuwa ga Auta, kafin matarka ta sauka

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Nan Daura kowa ƙalau. Na ji watan matarka ya tsaya, Allah ya raba lafiya. Kai na rubuto wa don ita kunya ba za ta bar ta ta musa wa manya ba, kai kuwa cefane a hannunka yake.

Da na haifi babban yayanku, ungozoma ta tatsi dakashina a ludayi, ta jefa tururuwa ciki, ta ce nonon ba shi da kyau. Kwana uku ana ɗura wa jinjiri ruwan ɗumi da madarar akuya, ni kuma ƙirji ya cika yana ta zogi. Gudawar da ya yi, har mun fara fid da rai. Sai a cikinka, wajen awo, na ji ashe wannan nonon farko mai kauri da muke zubarwa shi ne rigakafin yaro. To, kada a zubar. A sa mata jinjirin a nono tun awar farko, kuma wata 6 nono zalla, ko ruwa kar a ba shi, komai zafin bazara. Gwaggonka za ta ce ƙishi zai kashe shi. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce ni na hana.

Sai kunun kanwa. Mun sha shi safe da yamma har arba'in, ga ruwa yana tafasa ana fyaɗa mana da ganyen darbejiya. Ƙafafuna suka kumbura, numfashi sama-sama, aka ce ai jego ne ya karɓe ni. Gishirin kanwa ne yake tara ruwa a jiki ya gajiyar da zuciya. Matarka dai ta yi wankanta da ruwa mai ɗumi, ta sha kunun gyaɗa, ta ci wake da zogale.

Ragon suna ma kar ku rabe shi a zaure ku aika mata da ƙashi. Hantar tata ce, jini ta zubar.

In yaron ya cika wata 6, a fara masa ƙwai da kunu mai kauri. Ku bakwai na hana ƙwai wai kar ku tashi da sata, ina sayarwa ina sayo Maggi. Allah ya yafe mana.

Na ba direba gyaɗa tiya biyu da garin kuka, ka je tasha ranar Laraba ka karɓa.

Mahaifiyarka