Kafin Ka Zaɓi Ɓangare

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na karanta rubutun da ka aiko mini kan muhawarar da za ka shiga, wato ko ya dace ƙasa ta janye sojojinta daga yaƙin da take yi a wata ƙasa ko ta ƙara tura wasu. Alƙalaminka ya yi kaifi, na ji daɗi. Amma akwai jimla ɗaya da ta hana ni barci, inda ka ce duk mai neman a ƙara soja mai son zubar da jini ne. Ina so ka goge ta, kuma ga dalilina.

A watan Disamba na 2011, lokacin da sojojin Amurka na ƙarshe suka fice daga Iraƙi, ina cikin waɗanda suka yi murna. Na riƙa cewa an gama, kowa ya huta. Shekara uku ba ta cika ba, a watan Yuni na 2014, na ji a rediyo cewa Mosul, babban birni a arewacin Iraƙi, ta faɗa hannun 'yan ISIS, sojojin gwamnati sun tuɓe kaki sun gudu. Na daɗe zaune da rediyon a hannuna ban ce uffan ba. Ban sauya ra'ayina kan cewa mamayar da Amurka ta yi wa Iraƙi a 2003 zalunci ce ba, har gobe ina nan a kan haka. Abin da na gane shi ne wanda ya ɓalle ƙofar gidan mutane ba ya wanke kansa don kawai ya juya ya tafi.

Kada kuma ka ɗauka ina goyon bayan masu cewa a ƙara. Su kullum misalinsu ɗaya ne: a 2007 Shugaba Bush ya ƙara soja kusan 30,000 a Iraƙi ƙarƙashin Janar Petraeus, kashe-kashe suka ragu. Gaskiya ne sun ragu. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne a daidai lokacin ƙabilun Sunni na lardin Anbar sun riga sun juya wa al-Ƙa'ida baya, Amurka tana biyan mayaƙansu albashi, sannan Muƙtada al-Sadr, malamin Shi'a mai rundunar mayaƙa, ya tsagaita wuta a watan Agusta na shekarar. Yawan soja ya tarar da mutanen gari da suka gaji ne. Da Obama ya gwada irin wannan magani a Afganistan a Disamba 2009, ya ƙara 30,000 har adadin ya kai wajen 100,000, bai tarar da irin waɗannan mutane ba. Kuma a cikin jawabin da ya sanar da ƙarin, ya faɗi cewa za a fara janyewa a Yuli 2011. To, in kai ne ɗan Taliban, me za ka yi in ban da ka koma ƙauye ka jira?

Nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, domin 'yan siyasa suna son a yi ta musu a kan lamba. Dubu goma ko dubu talatin, bana ko baɗi. Lamba tana da sauƙin faɗa a gaban majalisa. Tambayar da suke gudu ita ce: me ake so sojan nan ya yi, kuma wa zai riƙe wurin ranar da ya tafi? Dubi Tarayyar Sobiyet. Ta kammala janye sojojinta daga Afganistan a Fabrairu 1989, mutane da yawa suka zaci gwamnatin Shugaba Najibullah, wadda Sobiyet ke mara wa baya, ba za ta daɗe ba. Ta yi shekara uku. Sai da Sobiyet ɗin kanta ta wargaje, man fetur da kuɗi da makamai suka daina zuwa, sannan ta faɗi a 1992. Ita kuwa gwamnatin da Amurka ta yi shekara ashirin tana ginawa ba ta ko jira jirgin ƙarshe ya tashi ba. Amurka ta ƙulla yarjejeniyar janye sojojinta da Taliban a Doha a Fabrairu 2020 ba tare da ita a teburin ba, masu gyara mata jiragen yaƙi suka tafi tare da sojojin, ranar 15 ga Agusta 2021 Kabul ta faɗi.

Ka tuna ranar da ka miƙo mini wayarka na ga mutane suna gudu a gefen jirgin soja a filin jirgin Kabul, wasu sun maƙale a jikinsa yana tashi? Mahaifiyarka ta kau da kai, ta kasa kallo. Kwanaki kaɗan bayan haka bam ya tashi a ƙofar filin, ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afganistan kusan 170. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ce a janye, wajibi ne ya faɗi yadda za a yi da tafintoci da direbobi da malamai mata da suka dogara da alkawarinsa. Wanda ya ce a ƙara, wajibi ne ya iya duban uwar soja ido da ido ya gaya mata abin da ɗanta zai je ya cim ma, da ranar da za a san an cim masa.

Saboda haka in ka tashi magana, ka zaɓi ɓangaren da zuciyarka ta natsu da shi. Ni dai na fi karkata ga janyewa, in an shirya ta da wuri kuma an yi shawara da masu ƙasar, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kada ka zagi abokin muhawararka. Wataƙila shi ma Mosul yake tunawa. Ka bar shi ya gama, sannan ka tambaye shi a natse wa zai riƙe wurin bayan an tafi, kuma ka tabbata kai ma kana da amsa in ya mayar maka da tambayar.

Ka aiko mini da rubutun in ka gyara, ina so in gani kafin ranar. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka