Batun mutum mai fukafukai a fadamarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu ake ta yaɗa labari a ƙauyenmu, bakin gulbin Rima, wai wani mutum mai fukafukai da jajayen idanu yana sauka kan giginya da dare. Ƙanena ya daina ban ruwan albasarsa bayan isha'i, ganyen duk ya yi yaushi.

An taɓa irin wannan a garin Point Pleasant na Amurka a 1966, masana suka ce babban tsuntsu ne dangin gauraka, ko mujiya.

Abin da ya hana ni barci shi ne an fara nuna wata tsohuwa da yatsa, ana ce mata mayya. Don Allah hakimai da limamanmu su tsawatar tun kafin yara su jefe ta.

Naku,
Wani manomi, Sakkwato