Wasiƙa daga Holan: furen da ya ƙi fitowa

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara. Ni ma lafiya lau, sai sanyi, kullum riga kan riga.

Kun ce in yi muku bayanin wannan noma namu da ba a ci. Fure ne, Baba, ana ce masa okid. Nan yankin Westland gidajen gilashi ne iya ganin mutum. Irin da muke reno, Phalaenopsis, ba ya son ƙasa, a cikin ɓawon itace ake dasa shi, don a dajinsa na Asiya jikin bishiya yake maƙalewa. Watanni muna riƙe shi a zafin digiri 28, ganye kawai yake yi. In ana son fure sai a mayar da shi ɗaki mai digiri 19, bayan kamar mako shida tsinken ya ɓullo daga gindin ganye. Daga nan sai kasuwar furanni ta Naaldwijk, manyan motoci su kwasa zuwa Jamus da Faransa.

Amma wanda nake son ba ku labarinsa na tsohuwar da nake haya a gidanta ne. Wani iri ne daban, Dendrobium nobile, mai kara gaɓa-gaɓa. Ya shekara da shekaru bai yi mata fure ba. Ta ajiye shi dab da na'urar ɗumama ɗaki, ga ruwa ga taki ba fashi, shi kuwa sai 'ya'ya yake fitarwa a jikin kara, da fararen saiwoyi suna reto. Gata ne ya yi masa yawa. Asalinsa gindin tsaunukan Himalaya ne, wajen Nepal da Indiya, inda damina ke wucewa a shiga sanyi da fari. Kun san mangwaronmu ma sai hunturu ya buge shi yake huda.

A watan Nuwamba na roƙe ta na kai shi ɗakin baya da ba a ɗumamawa, bakin taga, inda dare ke sauka wajen digiri 10. Na yanke taki ɗungurungum. Ruwa kuwa sai na ga karan ya fara yamutsewa nake ɗan tsiyaya masa. Ganye ya yi ta zuba, tsohuwa ta ce kashe mata shi zan yi, har ta daina ajiye mini shayi da yamma. A Fabrairu ƙananan ƙulli suka kumburo a gaɓoɓin tsohon kara. Yanzu ya buɗe: fari ne, bakinsa shunayya, cikinsa da ɗigo ja mai duhu, ga ƙamshi da safe. Shayina ya dawo, har da biskit.

Na tura wa Yaya kuɗin taki da na gyaran injin ban-ruwa, ku tambaye shi. Ya albasar fadama bana? In an sami mai tahowa, Inna ta taimaka mini da yaji da daddawa. A gaida Gwaggo, Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Ɗanku.