Ɗana, Kar Ka Saki Yaran Nan

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya Legas ya zafi. Mu nan Kaduna lafiya lau, sanyi ya fara shigowa, Ummanka na gaishe ka.

Tun daren Juma'a da muka yi waya maganar da ka faɗa take min yawo a rai, wai kana so ka ajiye koyar da yaran nan na ranar Asabar saboda suna cinye maka lokacin atisaye, kuma ka ƙi karɓar jagorancin ƴar tawagar makaɗan da aka ce ka riƙe, kai dai burinka ka tsaya kai kaɗai a kan dandamali da gogenka na Turawa a kafaɗa. A waya ban iya ce maka komai ba dan naji muryarka a gajiye, shi yasa na zauna na rubuto.

Ka san ba da sauƙi na yarda da wannan hanya taka ba. A wajenmu in aka ce goge abin da ke zuwa ran mutum shine bori da gidan magajiya, kawunka na Tudun Wada har yau in an ce me kake karantawa sai ya kau da kai, wai gogen Turawa ma ai goge ne. Ni kuma da na yarda, da zuciya ɗaya na yarda, na zauna na karanta tarihin masu wannan sana'a dan in san inda ɗana ya sa ƙafa, kuma cikinsu wanda ya fi tsaya min a rai shine mutumin nan da kai da kanka ka turo min bidiyonsa, Yehudi Menuhin.

Kai abin da ka gani a wajensa shine yaron da aka haifa a Amurka a 1916, yana ɗan shekara 7 ya tsaya gaban manyan makaɗan San Francisco ya yi kiɗa, yana 16 ya je Ingila aka ɗauki faifansa, Edward Elgar wanda ya tsara kiɗan da kansa na jagorantar makaɗan a 1932. Toh duk gaskiya ne. Amma ni abin da ya biyo baya na fi dubawa. Mutumin nan da ya girma sai hannu ya fara ba shi matsala, musamman hannun da ke jan izga, dan yana yaro baiwa ce kawai ke aiki bai san yadda akai yake yin abin da yake yi ba, sai da ya dawo yana babba yana binciken yadda kafaɗa da gwiwar hannu da yatsu ke tafiya tare, har motsa jikin nan na Indiya da ake kira yoga ya shiga saboda haka. Kaga wanda duniya ta gama tafa wa kenan ya koma ɗalibi. Kuma wannan wahalar ce ta sa ya san abin da zai faɗa wa yaro in ya ga ya riƙe izga a karkace.

Ni shekara 35 na yi ina riƙe da alli, ka sani. Wallahi lissafin da nake taƙama na iya ban fahimce shi da kyau ba sai ranar da na tsaya gaban yara sama da 60 wani ya ɗaga hannu ya ce malam me ya sa, na ga dole in nemo dalilin ba haddar ba. Yaran Asabar ɗin nan da kake gani suna ɓata maka lokaci, duk sanda ka gyara wa ɗaya tsayuwar hannu naka hannun kake gyarawa, ko ba ka ji a jikinka yanzu ba.

A 1963 Menuhin ya buɗe makarantarsa a Ingila ta yara masu baiwar kiɗa, tana nan har gobe, irin su shahararren mai gogen nan Nigel Kennedy can suka fito. A 1977 ya kafa wata ƙungiya da ke tura matasan makaɗa asibitoci da gidajen tsofaffi da gidan yari su yi wa mutanen da ba za su taɓa sayen tikitin babban zaure ba kiɗa. Shi kansa tun a 1945 da aka gama yaƙin duniya na biyu ya je ya yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin gwale-gwalen ƴan Nazi na Bergen-Belsen kiɗa, mai tsara kiɗan nan na Ingila Benjamin Britten na kaɗa masa fiyano. Bayan shekara biyu ya koma Jamus ya yi wasa da makaɗan Barlin, shi Bayahude, mutanensa da yawa suka ji haushi suka yi ta sukarsa, bai fasa ba. Wannan wajen na daɗe ina tunani a kai, dan mu ƴan Kaduna mun san me ake nufi da mutum ya tsallaka gada ya je wajen waɗanda aka ce masa kar ya je.

Sai maganar jagoranci. Da shekaru suka ja, sandar jagoran makaɗa ce ta riƙe shi a sana'ar, har ya rasu a watan Maris 1999 a Barlin yana da shekara 82, kuma aikin jagoranci ne ma ya kai shi garin, shekarar da muka rasa Shata kenan. Yatsu suna tsufa ɗana, kunne da sanin kiɗa su ne ke daɗewa. Wanda ke tsaye gaban mutum 50 ko 80 dole ya san takardar kowa, ya san inda masu busa za su shigo da inda masu ganga za su sassauta, ya kuma iya zama da mutane, mai fushi da mai makara da mai ganin ya fi kowa. Wannan ba a ɗaki kai kaɗai ake koyonsa ba, a irin ƴar tawagar nan da kake rainawa ake farawa.

Kuma mu faɗi gaskiya, a ƙasar nan mutum nawa ne ke cin abinci da tsayawa shi kaɗai a dandamali da irin wannan goge? In ka cire Legas da su cibiyar kiɗa ta MUSON da ƴan wurare a Abuja sai ina? Ba ina kashe maka gwiwa bane, ka ci gaba da atisayenka, in awa huɗu kake yi kar ka rage, amma ka nemo lokacin daga wani waje, daga waya da hirar dare, ba daga yaran ba.

Akwai kuma abin da na daɗe ina so in roƙe ka. Menuhin ya zauna da Ravi Shankar na Indiya sun haɗa kiɗa, bai ce nasa ya fi ba. Kai ma in ka zo hutu ina so mu nemi mai goge ko kukuma na gargajiya ka zauna ka saurare shi da kunnen ɗalibi, tsirkiya ɗaya ce da ƙoƙo da fata amma ka ji abin da su Ahmadu Doka suka fitar da ita, kuma izgar dokin da ke bakanka ita ce a nasu. Irin waɗannan kiɗan in ba ku da kuka iya rubuta kiɗa a takarda kuka rubuta ba ban ga wanda zai yi ba.

Ka koma wajen malaminka ka ce ka sake tunani, ba abin kunya bane. In zaka taho ƙarshen shekara ka kula da gogen sosai, ka ce min katakonsa baya son bushewa, hunturun bana kuma da alama zai yi ƙarfi, ka bar shi cikin akwatinsa kar ka sa a but ɗin mota. Na tura maka ɗan abin da ya samu na tsirkiyar da ka ce ta tsinke, ka duba ka faɗa min in ya shiga. Ka riƙe sallah a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka.

Babanka,
Unguwar Rimi, Kaduna