A Riƙa Nuna Jadawalin Gasar Sunuka a Talabijin

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi kira ga masu shirya gasar sunuka. Jadawalin takarda yana wahalar da mu 'yan wasa. Idan mutum 32 suka shiga gasar da sai an doke ka sau biyu kake fita, wasa 62 ko 63 za a buga. Ana ta gogewa ana sake rubutu, kowa ya yi cincirindo a kan alƙali yana tambayar wa zai kara da shi.

Don Allah a haɗa kwamfuta da babban talabijin a bango, a nuna sunaye, lambar tebur da sakamako da manyan baƙaƙe. An taɓa cire abokina don bai ji kiran sunansa ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Naka,
Wani ɗan wasan sunuka