Wasiƙa daga Zariya zuwa ga Aminina

Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Legas, ya cunkoso? Mu nan hunturu ya kankama, yara duk sun yi furu-furu. Na samu labarin ƙarin girman da aka yi maka, Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo. Tunda yanzu akwai mutane a ƙarƙashinka, ina da maganar da na ga ba ta waya ba ce.

Ka san halin mutanenmu. Ko me ke cin mutum, in ka ce masa ya gida, alhamdu lillahi zai ce. Wanda ke jiran sai an kawo masa kuka, zai shekara da mai jin yunwa a ofis ɗaya bai sani ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Akwai wani dattijo masinja a wurin aikinmu, cikin birni yake zaune. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfinsa. Sai ya fara makara. In lokacin abinci ya yi, muna aikawa a sayo shinkafa da wake, shi kuwa sai ya ɗauki buta ya nufi masallaci, ba ya dawowa sai an wanke kwanuka. Har oga ya fara zancen ba shi takardar gargaɗi. Wata akawunmu ce ta lura da ƙurar da ke ƙafarsa har ƙwauri, da takalminsa da ya cinye ta dunduniya. Ashe daga Ƙofar Doka yake takowa har Kwangila kafin ya hau motar Samaru, don ya rage kuɗin hawa ɗaya.

Yadda ta yi ne ya fi burge ni. Ba ta tara mu ta yi shela ba. Ta samu wani abokin aikinmu mai mota da ke Tudun Wada, shi kuma ya je ya ce, "Baba, don Allah ka riƙa taya ni hira a hanya, barci nake ji da safe." Aka sa shi a adashinmu, aka ba shi ɗaukar farko. Abinci kuwa muka koma ci a tire ɗaya, wanda ba a gane wa ya saya. Har yau Baba yana shigowa da girmansa, wannan kuwa shi ne abin da nake so ka riƙe, domin taimakon da ya tona asirin mutum ciwo yake bari.

Kada ka ce ai an ƙara albashi. Mafi ƙanƙantarsa naira 70,000 aka mayar a Yulin 2024, kuma a ƙarshen shekarar ko buhun shinkafa ba ta saye. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga asibiti.

Saboda haka ka san sunan mai gadinku da mai shara, ka riƙa gaishe su da shi. Wanda ya saba raha ya yi shiru, ka ja shi gefe. Wanda ya yi aiki mai kyau, ka yaba masa a gaban jama'a, gyara kuwa ku biyu. Can da kake akwai Yarbawa da Ibo da Kiristoci a cikin ma'aikatanka, in an yi musu rasuwa ko haihuwa ka taka ka je, kada ka tsaya a saƙon WhatsApp.

Ka gaida uwargida da yara. Su Hajiya suna tambaya ko za ka zo mana hawan Sallah bana.

Wassalam,
Naka amini.