A ba hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi gindin zama a Kundin Tsarin Mulki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 aka haɗe ma'aikatan ƙananan hukumomin kowace jiha ƙarƙashin hukuma guda. Ita ke ɗaukar 'yan matakin albashi na 07 zuwa sama, da ƙarin girmansu, canjin wurin aiki da ladabtarwa. Mataki na 01 zuwa 06 kuwa yana hannun ƙaramar hukuma.

To amma sashe na 197 na Kundin 1999, wanda ya lissafa hukumomin da dole kowace jiha ta samu, bai ambaci wannan hukuma ba. Dokar jiha ce kaɗai madogararta, shi ya sa sabon gwamna kan rushe ta, a jefa ma'aikaci wata ƙaramar hukuma mai nisa saboda siyasa. A ƙananan matakai kuma, inda ba talla ba jarrabawa, nan sunayen bogi ke shiga takardar albashi.

Tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa kuɗi su tafi kai tsaye ga ƙananan hukumomi 774, sanya hukumar a Kundin ya zama dole. A kayyade wa mambobinta wa'adin shekara 5, kada a tsige su sai da kashi biyu cikin uku na majalisar jiha, a kuma wajabta tallata kowane gurbi.

Wani mai karatu, Zariya